Rumbu a Gajimare

Baba ya tambaye ni ina littafin
da nake ta rubutawa tun azumin bara.
Na ce, "Yana cikin gajimare."
Ya ɗaga kai ya dubi samaniyar Marwa,
wata biyar ba ko ɗigo, fes kamar an share,
ya ce, "To, Allah ya sauko da shi lafiya."

Ban yi masa ƙarya ba.
Mu uku ne a kan shafi guda,
muna bin diddigin masakwa
daga dashe har ta shiga buhu.
Ni ina Domayo da wayar aro,
Jaratu tana Kongola, a gindin bangon ɗakin karatu
inda intanet ke ɗiga kamar famfon rani,
Nasuru kuwa duk inda dare ya same shi.

Kowa da launin tsinkensa a allo.
Nawa shuɗi ne, mai jan ƙafa.
Na Jaratu ja, ba ya barin waƙafi ya zauna lafiya.
Na taɓa kwana uku ina gina sakin layi,
ta rushe shi kafin shayina ya huce,
ta bar mini kalma biyu a gefe: "Ina hujja?"
Na yi fushi har la'asar.
Da magariba na nemo hujjar.

Ranar da kwamfutata ta zame daga babur
a kan gadar Makabaye,
na tsuguna ina tsince gilashi
kamar mai tsintar gero a yashi,
ina lissafin wata takwas da suka tafi.
Jaratu ta miƙo mini wayarta, ba ta ce komai ba.
Ga shi nan. Har kuskuren da na yi jiya
yana zaune yana jirana.

Kakata ta ce rumbun da ba ka ga gindinsa ba
kada ka zuba masa dukan hatsinka.
Na ji. Na ajiye wani a aljihu.
Amma gara ba ta hawa can,
ɓera bai san hanyar ba.

Sai kuɗin makaranta ya gagari Nasuru.
Ya koma Mora, yana sayar da fetur a kwalabe
a bakin titi, rana na dafa masa ƙeya.
Muka ce shi ke nan, saura mu biyu.

Ƙarfe biyun dare, lokacin da data ke araha,
ina gyangyaɗi a kan babi na huɗu,
sai ga koren tsinke ya ɓullo a saman shafi
kamar tsiron da ya fasa busasshen laka.
Bai yi sallama ba.
Ya gangara jadawali na bakwai,
ya gyara lissafin da ya hana mu barci,
ya tsaya jim a kan sunansa,
sannan ya ɓace.

Haka kullum, har muka kai ƙarshe.

Malam ya ce, "Wanda ba ya cikin rajista,
a cire shi daga bango."
Na buɗe masa tarihin shafin,
dare bayan dare, kore, kore, kore,
harafi dubu nawa, wa ya ƙirga?
Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.
Ya ce doka doka ce.
Ya ce mu sa shi a godiya.

Mun sa shi a godiya.
Takarda ta ɗauki suna biyu, aka buga mata hatimi.
Amma can sama, inda Baba ke duba da safe,
har yanzu mu uku ne,
kuma ban rufe ƙofar ba.
Jiya ma na ga kore.